Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malaman tsirrai na jami'armu da ma'aikatan gandun daji na Damagaram

Assalamu alaikum. Malamaina na Jami'ar André Salifou, musamman masu koyar da ilimin tsirrai da labarin ƙasa, da ku iyayenmu da yayyenmu ma'aikatan gandun daji na jihar Damagaram, ina gaisuwa, ina gajiya, ya zafi, ya haƙuri da bin ga-ruwa. Allah ya ja da ranku.

In faɗa tun da wuri kar a ce na shiga gonar da ba tawa ba, ni ba masanin icce ba ne, malamin larabci ne a wata makarantar franko-arab nan cikin gari, abin da na iya shi ne nahawu da sarfu da bin yara a kan su daina cin wasali. To amma wata biyu kenan da muka rufe kawuna, ƙanin mahaifiyata, a ƙauyenmu can gabas da Miriya, kuma tun ranar sadakar uku wani mutum yake ta dawo min a rai wanda ban taɓa gani ido da ido ba, shi ma bai san da ni a duniya ba, wani farfesa Bamisire mai suna Muhammad Abdulfattah al-Ƙassas. Labarinsa nake so in ba ku, in na gama kuma ina da roƙo.

Na san da yawa cikinku kun san shi, ko kun ci karo da sunansa a takardun faransanci an rubuta Kassas, to ku yi haƙuri da ni, saboda sauran jama'a nake maimaitawa.

Ranar 21 ga Maris 2012 ya rasu a Alƙahira yana da shekara 90. Lokacin ina can ina karatu a Azhar, ƙasar duk a rikice take tun juyin 2011, ga shi kwana huɗu kafin nan shugaban kiristocin Ƙibɗawa Fafaroma Shanuda ya rasu, jaridu duk sun cika da shi da maganar zaɓe, ni dai a wani ɗan lungu na shafi na ga sanarwar kuma da na wuce ta kamar yadda ake wuce tallar sabulu. Abokin ɗakina ne, wani yaro ɗan lardin Kafrusshaikh, ya karɓi jaridar ya yi shiru sannan ya ce min wannan ɗan garinmu ne, ɗan masu kamun kifi ne kamar mu. Na ce me yake yi? Ya ce ciyawa yake karanta. Wallahi dariya na yi, Allah ya yafe min, na ce a raina mutum ya kai farfesa a kan ciyawa, mu a gida ai aikin jaki ne sanin ciyawa.

Da aka yi hutu ya ja ni garin nasu, Burjul Burullus, inda aka haifi Ƙassas a 1921. Ku kwatanta wani siririn tudun rairayi, hagu Bahar Rum dama wani ƙaton tabki mai ruwan zartsi, tabkin Burullus, garin yana zaune daidai bakin da tabkin yake haɗuwa da teku. Ni ɗan Damagaram da na tashi ina ganin ana faɗa a bakin famfo a kan bido ɗaya, sai ga ni ruwa gaba ruwa baya, kwana biyu ban iya barci ba saboda ƙarar igiyar ruwa. Kakan abokina ya kai ni bayan gari inda aka jera wasu manyan duwatsu da kankare don tare teku, ya miƙa sandarsa can cikin ruwa ya ce lokacin da yake yaro har can suke zuwa da ƙafa, akwai dabino a wurin. Na duba ban ga komai ba sai kumfa. Yadda ya faɗi maganar kuwa, ba kuka ba fushi ba, sak yadda kawuna yake nuna min tudun rairayi ya ce nan fa da gonar rogo ce. Daga ranar na daina dariya, na koma Alƙahira na fara tambayar waye mutumin nan.

A Jami'ar Alƙahira ya yi karatu, ya gama digirin farko a 1944, ya wuce Kambirij a Ingila ya yi dakta a 1950, kuma abin da ya ba ni sha'awa a kan wata fadama ya yi binciken nasa a can, wato tun farko mutumin bakin ruwa ne. Ya dawo gida ya koyar, ya kuma koyar a Jami'ar Khartum a Sudan. Abin da ya fi cin ƙuruciyarsa shi ne tafiya, a mota in akwai hanya, a ƙasa in babu, cikin hamadar Masar da gaɓar Bahar Maliya yana rubuta wace ciyawa ce take fitowa a ina, a wace irin ƙasa, gishirin wurin nawa ne, ruwan ƙasa yana da nisa ko kusa. A 1956 ya fitar da bincike a kan Arkawit, wani wuri a kan duwatsun Sudan bayan Sawakin wanda koren da ke cikinsa rabinsa raɓa da hazon da iska take kwasowa daga teku ne suke shayar da shi. A 1957 ya fitar da wani a kan gaɓar Bahar Maliya ta Sudan, daga baya shi da almajirinsa Mahmud Zahran suka bi gaɓar Masar suna fitar da bincike kashi kashi a shekarun 1960 har farkon 1970. Sawakin ɗin nan fa ba baƙon wuri ba ne gare mu, ta nan kakanninmu takari suke tsallakawa Jidda bayan sun yi shekaru a hanya, ƙila ma raƙuminsu ya ci irin ganyen da farfesa ya zo yana aunawa daga baya.

Akwai wani icce a gaɓar nan da larabawan wurin suke cewa shura, turawa su ce mangurob. Na gan shi sau ɗaya kusa da Safaja lokacin da muke jiran jirgin ruwa za mu umara, ɗalibai marasa kuɗin jirgin sama ta nan muke bi. Icce ne tsaye cikin ruwan teku tsundum, ruwan da in ka zuba wa kuka kwana uku za ta mutu, shi kuwa kore shar. Kewaye da gindinsa wasu tsinkaye sun fito daga cikin taɓo kamar an kafa fensira ɗari ɗari, ashe saiwoyinsa ne yake turowa sama don su sha iska tunda laka ba ta da iska. Na tsinki ganye ɗaya na ga fari fari a bayansa na lasa, gishiri zau, wato yana shan ruwan ya tofar da gishirin ta ganye. Ƙananan kifi da ƙaguwa a cikin saiwoyin suke girma, raƙuma suna cin ganyen in rani ya yi tsanani, kuma shi ne yake riƙe laka kar teku ya kwashe. Abin da Ƙassas da Zahran suka nuna shi ne tsirran gaɓa ba barkatai suke ba, sahu sahu suke kamar masallata, shura a cikin ruwa, bayansa ƙananan tsirrai masu jure gishiri, bayansu fili da ƙoramu masu itatuwan ƙaya dangin kandili, sannan duwatsu, kowane sahu da iyakar gishirin da zai iya ɗauka, in ka ga wani ya bar sahunsa to wani abu ya canza a ƙasa ko a ruwa.

Malamai, don Allah wanda ya taɓa shiga kwari a ƙasar Gure ya gaya min wannan ba shi ba ne? Tsakiya kanwa fari fat ko ɗan ruwa, sai kacalla da garake, sai dabino, sai goriba ta zagaye kamar ganuwa, sai tudun rairayi yana leƙowa. Sahu sahu. Kuma a matsayina na malamin larabci bari in ci albasa da bakina sau ɗaya, kalmar Sahel ɗin da ake kiranmu da ita a rediyo kullum, sahil ce ta larabci, ma'anarta gaɓar teku. Larabawan da suka tsallako Sahara da ayari sun ɗauke ta teku, mu ne gaɓar da suke sauka. Don haka duk wanda zai ce me ya haɗa ɗan Zinder da mai binciken bakin teku, mu da ko kogi ba mu da shi kuma kayanmu sai sun sauka Kotono ko Lome sun yi makonni a hanya, to amsata kenan, mu ma a gaɓa muke, namu tekun dai na rairayi ne kuma shi ma yana cin gari.

Abin da ya sa sunansa ya fita daga cikin masu ciyawa ya shiga kunnen masu mulki shi ne maganar babban dam ɗin Aswan. An tare Nilu a 1964, aka gama ginin a 1970, ƙasa duk tana murna, kuma da gaskiyarsu, lantarki ya samu, ambaliya ta tsaya, an yi noma sau biyu sau uku a shekara. Shi kuwa ya rubuta a wani bincike da ya fito a 1972 cewa lakar da kogin yake kawowa duk shekara ita ce take gina gaɓar arewa, teku yana ci kogi yana mayarwa tun zamanin Fir'auna, yanzu an tare lakar a bayan dam, to teku zai ci gaba da cin nasa ba mai mayarwa. Haka kuwa aka yi, bakin Rashid da na Dumyaɗ inda rassan Nilu biyu suke shiga teku sun yi ta zaizayewa, har kifin sardin da ake kamawa wajen tan 18,000 a 1962 ya faɗo ƙasa da tan 1,000 cikin 'yan shekaru saboda abincin da laka take kawo musu ya yanke. Tsakanin Aswan da garinsu tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. An taɓa abu a can, dabinon kakan abokina ya nutse a nan. Ni a ganina mutumin bai ƙi dam ba, lissafin ne yake so a yi cikakke a saka har da mutanen da ke can ƙarshen ruwa waɗanda ba a gayyace su bikin yanke ƙyalle ba, kuma faɗin haka a Masar ta lokacin ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Daga nan sai duniya ta ja shi. Bayan farin da ya ci mu a 1973 da 1974 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro a Nairobi a 1977 a kan kwararowar hamada, yana cikin manyan masanan da aka dogara da su, tun kafin nan ma yana rubutu a kan ƙasashen da ke kewaye da Sahara, wato mu kenan. Daga 1978 zuwa 1984 shi ne shugaban IUCN, babbar ƙungiyar kare halittu ta duniya. A Masar an yi dokar wuraren da aka keɓe a 1983, tabkin garinsu Burullus ya shiga jerin Ramsar, wato jerin tabkuna da fadamu masu muhimmanci na duniya, a 1988 ya zama wurin da doka ta kare a 1998. Kyaututtuka kuwa ya samu, ba su ne damuwata ba, na wuce.

Damuwata ita ce kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami. Abin da ya ba maganarsa nauyi shi ne ya taka wurin ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata, ya busar da ganyen ya ajiye, shi ya sa yau in ɗalibi ya koma gaɓar Bahar Maliya zai iya buɗe takardar 1957 ya ce a nan da akwai kaza yanzu babu, kuma ba mai ce masa ƙarya kake. A Jami'ar Alƙahira akwai ɗakin ajiyar busassun tsirrai wanda wata baturiyar Suwidin, Vivi Täckholm, ta ƙarar da rayuwarta a kansa har ta rasu a 1978, na shiga sau ɗaya da rakiyar wani ɗalibi, kabad kabad cike da takardu, kowace takarda reshe ɗaya an manna, an rubuta sunansa da inda aka tsinko da ranar da wanda ya tsinko. Ɗakin yana warin maganin ƙwari, ba abin kallo, amma duk gardamar da za a yi a kan ciyawar Masar nan ake zuwa a kashe ta.

To mu fa? Mu namu ɗakin ajiyar shi ne kawuna, kuma mun rufe shi wata biyu da suka wuce.

Kawu bai yi lakwal ba, allo ma bai yi nisa ba, kiwo da noma da ɗan maganin dabbobi ya iya. Amma in kuka fita daji da shi ba za ku yi taku goma ba bai tsaya ba. Wannan sabara ce, in ka ga ta yi yawa ita kaɗai ƙasar ta gaji. Wannan kalgo, wannan geza, wannan taramniya, kar ka haɗa su. Jiga kuwa a nan da har inuwa take yi yanzu sai ka yi yini ba ka ga ɗaya ba. Ya san wane tudu ne yake da anza, ya san kwana nawa ake jiƙa dilonta ana sake ruwa kafin ɗacin ya fita a ci, kuma da wannan sanin ya riƙe gidanmu a yunwar 1984 da ake ce wa El Buhari, mahaifiyata har gobe in ta ga anza sai ta yi masa addu'a. Yana duba karangiya da gamba ya gaya maka damanar bara yadda ta kasance a wurin ko da bai je ba. Ya san sunan icce da hausa ya san yadda Fulani suke kiransa, wasu har da barbarci saboda ya yi kiwo wajen gabas. Wannan duk a kansa yake, ba a ko'ina ba.

Akwai shekarar da wani furoje ya zo ƙauyenmu, ba zan kama suna ba don ba rigima na zo nema ba, da motoci farare da alluna, aka ce za a shuka itatuwa a gefen kwarinmu. Kawu ya je ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya ɗanɗana a harshe, ya ce wa yaron da ke jagorantar aikin ɗana nan akwai kanwa, turare da bedi ba za su yi ba, ku matsa sama ko ku bar goriba ta tofo da kanta ku kare ta daga awaki. Yaron ya yi murmushi irin na girmamawar da ba ta kai zuci ba ya ce baba an riga an yi nazari. Aka shuka, aka ɗau hoto, aka ci shinkafa. Kafin damana ta zagayo sai robobin baƙar leda a cikin ramuka, allon kuwa yana nan har yau yara suna jifansa. Ban ga laifin yaron sosai ba, abin da aka ba shi a takarda ya aiwatar, kuma maganar kawu ba ta cikin kowace takarda. Da ace wani ya taɓa zama da shi ya rubuta ya sa hatimin jami'a, da yaron nan da kansa zai kawo ta yana karanta wa kawu.

Kuma kar ku ce ina raina aikinku, wallahi a'a. Na san akwai ɗalibai da suke rubuta memuwar, wato kundin kammala karatu, a kan itatuwan yankin nan, na san akwai ma'aikatan gandun daji da suke kwana a tudun Gure suna kafa shingen kalumbo da aguwa don tsayar da rairayi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kuma duniya ta shaida abin da manoman Magarya da Matamaye da Miriya suka yi da gawo, masu bincike sun zo sun ƙiyasta wajen hekta miliyan ɗaya a nan kaɗai, a faɗin ƙasa ana maganar miliyan 5, ba da tiyo ko leda ba, kawai manomi ya daina sare tohon da ya fito a gonarsa ya gyara shi ya bar shi. Gawo da ke zubar da ganye da damana ya bar hatsi ya sha rana, ya yi kore da rani ya ba dabba abinci, wa ya koya wa manomi wannan in ba irin su kawu ba. Abin ya kankama ne lokacin da manomi ya fara yarda cewa iccen da ya raina nasa ne ba za a zo a ci shi tara a kansa ba, kuma dokar da aka fitar a 2020 a kan sassaben zamani ta ƙara masa ƙarfin gwiwa. To in sanin talaka ya iya yin wannan ba a rubuce ba, ina ga an rubuta.

Roƙona na farko kuma shi ne babba, ku buɗe mana ɗakin ajiyar tsirrai a nan Zinder wanda kowa zai iya shiga, in kuma akwai shi a wani lungu na jami'a to ku fito da shi fili mu sani. Ba gini mai bene nake nufi ba, ɗaki ɗaya mai rufi da ba ya yoyo, kabad na ƙarfe saboda gara, tsofaffin jaridu da katako biyu na matse ganye. Kowace takarda a sa sunan latin don masana, amma a sa na hausa da barbarci da fulatanci da buzanci da tubanci, a rubuta ana ci ko ba a ci, wace dabba take so, maganin me ake yi da shi, kuma a rubuta sunan tsohon ko tsohuwar da ta faɗa, da izininsu, don jikokinsu su zo su gani. Ku tura ɗalibai lokacin hutu kowa ƙauyensu da waya a hannu ya ɗau muryar tsofaffi, mata musamman, don masu tsinkar tafasa da yaɗiya da masu sayar da saiwoyi a Kasuwar Dole sun san abin da maza ba su sani ba. Kuɗin da ake kashewa a atamfa da lemun kwalba na bikin buɗe taro guda ɗaya ya isa a fara.

Sannan gaɓoɓinmu na ruwa, tunda muna da su ko da ƙanana ne. Tabkin Lasuri yana cikin jerin Ramsar tun 2005, na Gidimuni ma ya shiga daga baya, jeri ɗaya da Burullus ɗin Ƙassas kenan. Na je Gidimuni bara ɗaurin aure, na ga rake da dabino da garake masha Allah, na kuma ga inda kacalla ta cinye bakin ruwa da inda ƙorama ta kwaso rairayi daga tudun da aka sare ta zuba a ciki, labarin Aswan ne a juye, can an hana laka zuwa, nan an sako ta da yawa, duka biyun abin da aka yi a sama ne yake faɗa wa na ƙasa. Na tambayi masu garka ina ruwan yake kaiwa shekara ashirin baya, mutum uku amsa uku, har suka fara musu a gabana. Me zai hana a kafa turaku na kankare a wurare sanannu, duk shekara wata ɗaya rana ɗaya malami ya zo da ɗalibansa su auna su ɗau hoto daga wuri guda su rubuta abin da ya tofo, a ajiye. Shekarar farko ba zai yi wa kowa amfani ba, na sani, ba wanda zai ba ku lambar yabo, shi ma Ƙassas lokacin da yake tsugune a laka a Sawakin ba wanda ya san zai kai ko'ina.

Ranar 3 ga Agusta kuma da muka saba shuka itace tun zamanin Kunce, ba na cewa a daina, amma don Allah kafin a haƙa sabon rami a fara zuwa a ƙirga na bara nawa suka rayu a faɗa a rediyo da hausa, ko kunya za ta sa a fara tambayar irin su kawu inda ya kamata a shuka. Abin da kuka gano a bincikenku ma haka, ku riƙa fassara mana, manomin Dungas ba zai karanta memuwar da faransanci ba amma yana da rediyo yana da WhatsApp.

Na san za a ce babu kuɗi, ƙasa tana cikin hali, ga tsaro ga tsadar hatsi. Gaskiya ne. Amma tsofaffin ba za su jira a samu kuɗi ba, a layinmu kaɗai daga azumi zuwa yau mun rufe uku.

Ni dai ga ɗan abin da na yi, kuma na yi shi a makare. Shekara biyu da suka wuce da na ga ƙafar kawu ta fara nauyi na sayi kaye mai shafi ɗari biyu, duk hutun da na je gida sai in ɗauke shi a babur mu fita, shi yana faɗa ni ina rubutawa da ajami da boko yadda ya zo min, in tsinki reshe in sa cikin jarida in danne da manyan ƙamusoshina na larabci, wanda matata take cewa sai yanzu ta ga amfaninsu. Mun kai sunaye 87 ciwo ya kwantar da shi, yana ce min saura na fadama ba mu taɓa ba sai ruwa ya sauka. Ban san sunan latin na ko rabinsu ba, wasu ganyen sun yi baƙi don ban iya busarwa ba, kuma satin jiya na ga gara ta fara hawa bangon ɗakin da suke. In akwai malami ko buro da zai karɓa ya duba ya gyara min inda na yi kuskure, ku sanar da ranar da wurin, ba ni da aji Laraba da marece, zan ɗauro su a bayan babur in kawo da kaina. Allah ya jiƙan Farfesa Ƙassas, ya jiƙan kawu, ya sa sun huta.

Naku,
wani malamin larabci daga unguwar Birni, Zinder